Inda Bango Ya Tsage

Kujerar tana gaban aji, amma ta ba ɗalibai baya. Duk wanda aka zo kan rubutunsa a darasin insha'in Turanci, a kanta yake zama, fuskarsa ga allo, yana jin ana feɗe aikinsa a bayansa. Dokar guda ce: ba ya magana. Ba ya kare kansa, ba ya cewa, "Ai abin da nake nufi shi ne kaza." Malamin da ya kawo wannan tsari, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Jan Biro, yakan ce marubuci ba ya bin littafinsa gida-gida yana yi wa mutane bayani, don haka gara ya saba tun yanzu.

Da aka zo kan Auta, dokar ba ta yi mata nauyi ba. Da ma a sashen akwai waɗanda ba su taɓa jin muryarta ba. Ko sunan nan na Auta ba ita ta kawo shi jami'a ba. Ƙawarta ce 'yar layinsu, wadda ake kira Rediyo, ta ɗebo shi daga gida ta watsa.

Aikin da aka ba su shi ne kowa ya siffanta wani mutum a bakin aikinsa. Auta ta rubuta mahaifinta. Mai duba aiki ne a wata ƙaramar maɗaba'a: kafin a ɗora kowane shafi a kan inji, shi yake bin sa layi-layi yana farautar kuskure, sai ya sa hannu sannan a buga. Ta rubuta haƙurinsa da tsabtarsa, da rular tagulla mai gutsurarriyar kusurwa da yake bin layi da ita, da yadda yakan sunsuni takarda ya faɗi irinta. Ba ta ambaci sunansa ba, "wani mutum" kawai ta ce.

Jan Biro ya gama karantawa ya ɗaga kai. "To, bismillah."

"Mutumin kirki ne," in ji wata a layin gaba.

"Kirkin ya yi yawa," wani ya amsa daga baya. "Wannan ai ba mutum ba ne, takardar shaidar kyawun hali ce."

Aka yi dariya.

"Ni dai na san shi," in ji Rediyo, "kuma wallahi haka yake."

"Ban tambayi wanda ya san shi ba," in ji Jan Biro. "A wannan ajin ba mu san kowa ba sai wanda ke kan takarda. Wanda kuka baro a gida naku ne, ba ruwanmu da shi." Ya jujjuya shafukan. "Jimlolin tsaf suke. Ban sami abin gyarawa ba, ban kuma sami abin tunawa ba. Bango ne aka gina, aka yi masa yaɓe, aka shafa fenti. Mai karatu kuwa ƙadangare ne, sai bango ya tsage yake samun wurin shiga. Marubuciya ta koma ta nemo mana tsagar."

Auta tana kallon allo. A can kusurwa an bar rabin wani harafi ba a goge ba. Ta zuba masa ido har aka tashi.

Baba yakan dawo bayan la'asar da jakarsa ta fata. Tun bara ya fito da wata al'ada: yana tahowa gida da shafukan gwaji, waɗanda ake fitarwa don a duba kafin bugu, ya baje su a kan teburin da ke bakin tagar falo, ya kira ta.

"Zo ki karanta, ki gyara bakinki. Turancin da ba a furta shi tsatsa yake yi."

Sai ta zauna ta karanta masa da ƙarfi, har da waƙafi da aya da babban baƙi, kowanne sai ta ambace shi. Shi kuma ya jingina da kujera, idanunsa a lumshe, rular tagulla a kan gwiwa. Can ya ce, "Tsaya. Faɗo min haruffan kalmar nan ɗaya-ɗaya." In ta faɗa, ya ce, "Sa alama," ta zana alamar a gefen shafi yadda ya koya mata. Rahoton ƙungiya, littafin lissafin 'yan firamare, takardar bayanin magani, duk ta bakinta suke bi. Ita darasi ta ɗauke shi, har takan ji daɗi cewa ya ware mata lokaci.

Yanzu kuwa ta zauna a teburin nan da wani ido daban. Jan Biro ya koya musu cewa marubuci ba ya tambaya, kallo yake yi. Ta shiga kallo.

Ta ga idan zai zuba shayi yakan saƙala ɗan yatsa a bakin kofi, sai zafin ya taɓa shi yake tsayawa. Ta ga in ya tashi daga kujera hannunsa ne yake fara isa bango kafin ƙafarsa ta motsa. Tabarau ya sauya har sau biyu, kuma dukansu suna cikin aljihun tebur. Ta lura kuma Umma, wadda a da ba ta iya wata guda ba ta sauya wa kujeru wuri ba, ta daɗe ba ta gusar da ko tabarmar ƙofa ba. Da safe in zai fita sai ta bi shi da faɗa: "Wannan shuɗiyar hular ai ba ta shiga da rigar ba, ɗauki wadda na ajiye maka a kan gado." A cikin faɗan ne yake sanin launin abin da ya sa.

"Ke, me kike kallon ubanki haka kamar mai shirin sayensa?" Umma ta tambaye ta wata rana a kicin.

"Ba komai, Umma."

"Ba komai ɗin ne ya sa kika bar tukunya tana ƙonewa." Ta karɓe ludayin daga hannunta. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ya buƙatar a nuna masa."

Auta ta ji maganar, ta kuma lura da kyawunta. Da ta shiga ɗaki sai ta gwada yadda za ta zauna da Turanci.

Saura mata tabbaci. Wata ranar Asabar suna duba rahoton shekara na wata makaranta, ta tura masa shafi gabansa, ta ɗora yatsa a gefe, wurin da babu komai sai farar takarda.

"Baba, duba nan. Kamar harafin ya karye."

Ya buɗe ido, ya sunkuya, ya aza rular a ƙarƙashin yatsanta. Ya daɗe yana kallon wurin, fuskarsa irin ta mai aiki.

"Ƙwarai kuwa, ya karye. Sa alama."

Ta sa alamar. Suka ci gaba har ƙarshen rahoton. Bayan ya tashi ta goge ta, ta shiga ɗaki ta rubuta abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Jimlolin suka riƙa zuwa da kansu, abin da ba su taɓa yi mata ba.

Zamanta na biyu a kujerar ya bambanta da na farko. Da Jan Biro ya kai ƙarshe, ba wanda ya yi dariya. Wanda ya yi maganar takardar shaida ne ya fara.

"Wurin farar takardar nan, Malam... na ji shi a cikina."

"Me ya sa?"

"Don bai ce yana gani ba, bai ce ba ya gani ba. Aikinsa kawai ya yi."

"Yarinyar fa muguwa ce," in ji wata.

"Mai ba da labarin," Jan Biro ya gyara mata. "Kada ku haɗa ta da marubuciya. Sau nawa zan faɗa?" Ya rufe bironsa, abin da ba kasafai yake yi ba. "Wannan zai shiga mujallar sashe ta bana. Shi zai buɗe ta."

A waje Rediyo ta rungume ta har jakarta ta faɗi. "Shiru-shiru ashe ba tsoro ba ne! Kai, amma kin iya ƙarya. Kin makantar da Baba don ki ci maki? Allah ya shirye ki. Ni ma zan koma in sa wa kakata sata, ko Jan Biro ya dube ni."

Auta ta ɗauki jakarta ta kaɗe. Kowa a sashen haka ya ɗauka: an ce ta nemo tsaga, ta ƙirƙiro. Ba ta gyara musu ba. Ita ma a nata lissafin Turanci wani ɗaki ne da take shiga ta kulle, wanda ƙofarsa ba ta buɗewa ta cikin gidansu. Mujallar sashe kuwa, wa yake karanta ta in ba waɗanda suka rubuta ta ba?

Zango ya kusa ƙarewa lokacin da Rediyo, wadda ke cikin kwamitin mujallar, ta tare ta a bakin ɗakin karatu tana washe baki.

"Albishirinki. Na sama wa su Baba aiki."

"Wane aiki?"

"Bugun mujalla mana! Suna ta maganar wasu can nesa, na ce ina amfanin baɗi ba rai, ga namu a gida. Jiya na kai da kaina. Na ga Baba ma, na gaya masa 'yarsa ce a shafin farko. Ki ga murna!"

Auta ta tsaya. Ta san maɗaba'ar kamar tafin hannunta: ɗaki mai tsawo, warin tawada da man inji, teburin Baba a lungu ƙarƙashin dogon ƙwan fitila. Ta san Manaja ma, mai wurin. Baba ya sha ba da labarinsa ana dariya: duk abin da aka buga, kwafin farko da ya faɗo daga inji shi yake ɗauka, ya tsaya nan a tsaye ya karance shi daga bango zuwa bango, ko da jadawalin motoci ne. Tun kwanakin baya kuma ya fara yawan maganar cewa yanzu kwamfuta da kanta take ja wa kuskure layi, kuma teburin lungun nan zai yi kyau da sabuwar na'urar yanka takarda. Manaja bai taɓa zama a ajin Jan Biro ba. In ya karanta labarin mai duba aiki da rular tagulla mai gutsurarriyar kusurwa, ba zai ga wata mai ba da labari ba. Ɗaga kai kawai zai yi ya dubi lungu.

"Lafiya? Kin yi wani iri," in ji Rediyo.

"Rana ce."

Ofishin Jan Biro ƙarami ne, littattafai sun cinye kujerar baƙi. Ta tsaya a tsaye.

"Malam, ina so in janye rubutuna."

Bai ɗaga kai daga takardun da yake makawa ja ba. "Kowace shekara sai an sami mai wannan zazzaɓin. Yana sauka da kansa ranar da mujalla ta fito."

"Ko a sauya wasu abubuwa. A mai da shi tela."

"Tela yana duba karyayyen harafi?"

"A cire rular, to."

Sai a lokacin ya dube ta. "Rular ce mutumin. Ki cire ta, ki koma wa bangonki mai fenti." Ya ajiye biro. "Me ke damunki?"

Ta buɗe baki. Abin da za ta faɗa gajere ne, amma faɗarsa na nufin fitar da shi daga takarda, ta ajiye shi a gaban wani baƙo da Hausa, da sunan Baba a jiki. A rubuce ta iya. A baki ta kasa.

"Mutumin yana nan da rai," ta ce.

"Duk suna nan da rai, ko sun taɓa zama da rai. Da me kike so a yi adabi, da duwatsu?" Ya ɗan yi murmushi, ba na mugunta ba. "Kin yi abu mai kyau, irin wanda ba na samu kowace shekara. Kada ki tsorata da shi. Shafuka ma sun tafi, bakin alƙalami ya bushe. In akwai gyara, sai a kan gwaji, shi ma na kuskure."

Ta yi godiya ta fito. A kan matakala ta kama kanta tana maimaita "ba na samu kowace shekara" a zuci.

Ranar Alhamis Baba ya dawo da wuri. Tun daga ƙofa muryarsa ta riga shi shiga.

"Ina marubuciyar gidan nan? Ashe da malama muke kwana muke tashi ba mu sani ba."

"Ka bar ta ta ci abinci tukuna," in ji Umma daga kicin.

"Marubuta ba sa cin abinci, tawada suke sha."

Ya baje shafukan a kan tebur, ya zauna, ya ɗora rular a gwiwa. Rana tana shigowa ta taga a karkace. Auta ta ja kujera. A saman shafin farko ga kan labarin da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa ga sunanta. Ba ta taɓa ganinsa a bugun inji ba. Ya yi mata kama da sunan wata da ta girme ta, wadda ta san abin da take yi. Ta shafa shi da yatsa kafin ta ankara.

"Bismillah. Daga naki za mu fara, ba son kai."

Ta riga ta shirya dabara tun a hanya. Rubutunta na farko, wanda aka yi wa dariya a aji, yana nan a kanta kalma-kalma. Shi za ta karanta masa. Bayan ya tashi sai ta bi shafukan da biro ta soke abin da za ta soke, ta san alamomin duka.

Ta fara. Haƙurinsa, waƙafi, tsabtarsa, waƙafi. Muryarta ta tafi sumul. Baba yana saurare, idanu a lumshe, har ya ɗan gyaɗa kai a wurin sunsunar takarda. Ta yi nisa, sannan ya ɗaga rular.

"Tsaya."

Ta tsaya.

"Shafin nan ƙarami ne, na riƙe shi ɗazu. Tuntuni ya kamata ki juya." Ya sauke rular. "Kuma mai karatu yana ɗan cijewa a ƙarshen layi kafin idonsa ya sauko. Ke tun ɗazu gudu kike kamar mai hadda. Mai duba aiki ba ya karanta abin da ke kansa, Auta. Koma farko, ki karanta min abin da ke takarda."

Ta dubi ƙofar kicin. Ana jin ruwan famfo yana zuba a cikin kwano.

Ta koma farko.

Ta karanta ɗan yatsa a bakin kofin shayi. Ta karanta hannun da ke riga ƙafa isa bango, da tabarau biyu a aljihun tebur. Ta ambaci kowane waƙafi da kowace aya, don haka aikin yake. Da ta zo kan matar da ta daina gusar da kujeru, ruwan famfo ya ɗauke. Umma ba ta jin Turanci sosai, amma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da rigar hannunta a naɗe, tana kallon fuskar mijinta, a fuskar take karanta nata.

Fuskar ba ta nuna komai ba. Rular tana kan gwiwa, babban yatsansa yana shafa gutsurarriyar kusurwar.

Auta ta juya shafi. Ta karanta jimlar da ke cewa idon dama ne ya fara dushewa.

"Tsaya."

Ta ɗaga kai.

"Na hagu ne."

"Baba..."

"Na hagu ne ya fara. Na dama daga baya ya bi. Sa alama."

Ta soke kalmar, ta rubuta gyaran a gefen shafi. Biron ya ɗan huda takardar.

"Ci gaba."

Saura wurin farar takarda. Ta yi tunanin tsallakewa, amma ta san zai ji giɓin kamar yadda harshe ke jin gurbin haƙori. Ta karanta shi duka: yatsan yarinyar a gefen shafi, sunkuyawar mutumin, tsawon kallon da ya yi, da abin da ya ce. Ta ji nata Turancin yana fita daga bakinta tsaf, ba tuntuɓe. Ko a wannan halin wani sashe na zuciyarta yana lura cewa jimlolin sun zauna.

Bai ce ta tsaya ba. Ita ce ta tsaya da kanta a ƙarshen sakin layin.

"Rahoton makarantar nan ne?" ya tambaya.

"Shi ne."

"Ashe babu komai a wurin."

"Babu, Baba."

"To."

Ya gyara zama. Wata mota ta wuce a titi, gilashin taga ya ɗan yi rawa. Umma ta koma kicin, ba ta kuma sake kunna famfon ba.

Auta ta ƙarasa sauran. Gajere ne. Ta ce, "Aya," ta ajiye shafin.

"Kuskure ɗaya tak a cikin shafuka huɗu," in ji Baba. "Ba laifi."

"Manaja zai karanta."

"Zai karanta. Ko takardar sabulu ba ya bari."

"Zan iya sa alamar cirewa. A nan, da nan, da wurin rular. Ba wanda zai..."

"Wa ya ba ki wannan iko? Mu kuskure muke cirewa. Abin da yake daidai, ko ya yi mana ɗaci, ba namu ba ne, na mai rubutu ne."

"Ai ni ce mai rubutun."

"A teburin nan ke mai karanta min ce." Ya buɗe idanunsa ya juyo da su wajenta. Sun sauka ɗan gefe da fuskarta, kusa da kunnenta. "Amma tunda marubuciyar tana kusa, ba sai an aika mata ba. In tana so a cire, ta faɗa da bakinta. Gobe in gaya wa Manaja mai aiki ta janye nata, a cike gurbin da wani abu. Ana yi. Ba sabon abu ba ne."

Ya jira.

Biron yana hannunta. Shafin farko ya zame daga cikin sauran, yana kwance a gefen tebur inda rana ta faɗa a kansa, kan labarin da sunan da ke ƙarƙashinsa. Ta dubi shafin. Ta dubi hannun Baba a kan rula, tawadar shekaru ta zauna a gefen faratansa, ba ta fita ko da wane sabulu. Kalmar da ake jira ba ta da tsawo. Ta ji ta a kan harshenta, ta ji kuma wani abu ya riƙe ta, abin da ba kunya ba ne, ba kuma tsoro ba.

A kicin an ajiye murfin tukunya a hankali.

Baba ya ƙara jira, fiye da yadda ake jiran amsa. Sannan ya gyaɗa kai, kamar wanda aka karanta wa layi ya ji babu gyara. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro nasa alƙalamin, ya cire murfin, ya jawo shafukan gabansa. A da yakan sunkuya ya nemi wurin da kansa, ya sa hannu ko ina alƙalamin ya sauka. Yau bai sunkuya ba. Ya miƙo mata hannun, alƙalamin a tsakanin yatsu.

"Nuna min inda zan sa."

Ta kama hannun. Ya fi yadda take zato nauyi. Ta kai shi ƙasan shafi, ta aza bakin alƙalamin a kan layin, ta saki. Ya sa hannu a hankali, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya mai da murfin.

"Na gaba," ya ce, ya jingina ya lumshe ido. "Na wane ne?"

"Waƙa ce. Ta wani ɗan ajinmu."

"Karanta. Ki kula da waƙafi, mawaƙa ba su san darajarsa ba."